Dodannin Saman Bene

Ɗakin Mahdi shi ne na ƙarshe a saman benen gidansu da ke bakin kasuwar Katako a Jos. Taga ɗaya gare shi, ita ma ba titi take kallo ba, rufin kwanon maƙwabta take kallo, sai ɗan yankin sama da kan wani dutse can nesa. Kasuwar katako kuwa da kunne kawai yake saninta yanzu: kukan injin yanka, hayaniyar 'yan dako, da rugugin katako in an sauke shi daga mota.

A da shi mai feshin fenti ne a kasuwar. Kafinta ya ƙera gado ko kabad a turo masa, ya goge, ya fesa, kaya su fito suna ɗaukar ido. Wata safiya ana sauke lodi kusa da rumfarsa igiya ta tsinke, katako ya zubo masa a gadon baya. Likitoci suka ce laka ta taɓu. Hannuwansa sun tsira, amma daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai ya bi da ido.

Yayansa Jika ne ya ɗauko shi daga asibiti. Gidan na gado ne, ƙasa shaguna, iyali a sama. Matakalar ta siminti ce, siririya, a miƙe kamar tsani, ga wata kwana a tsakiya wadda ko katifa sai an lanƙwasa take wucewa. Da farko akan sauko da shi duk lokacin ganin likita. Ran nan a wannan kwanar ƙafar Jika ta goce, su biyun suka gangaro har ƙasa. Mahdi ya fashe a goshi ya sake kwanciya asibiti, Jika ya samu ciwon baya wanda har yau bai sake shi ba. Tun daga nan Jika ya shirya da wani ma'aikacin jinya yana zuwa gida, maganar saukowa ta mutu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zagayowa, Mahdi yana nan inda aka ajiye shi.

Chigozie ne ya kawo masa dodanni. Haifaffen Jos ne, yana da shagon kayan lantarki a kasuwar Terminus, Mahdi ne ya fesa masa kantocin shagon tun yana sabo, daga nan suka saba. Yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da ba su daina hawa benen ba. Wata rana ya shigo yana haki da leda a hannu, ya zazzage ta a kan tiren abinci. Kayan wasan yara ne na roba, irin waɗanda ake kasawa a ƙasa a bakin titi: kada, gizo-gizo, jemage, ƙadangaru masu fiffike, duk kore shar da ruwan hoda mai kashe ido.

"Akwai wani wasa da muke yi ran Asabar, ni da wasu abokai," in ji shi. "Yaƙi ne a kan tebur. Kowa da rundunarsa. A auna tafiya da tef, a jefa ƙwayar ludo a ga wa ya sari wa. Na ainihin daga waje ake kawo su, tsadarsu ba a magana. Ni waɗannan nake iya saya. To amma dube su, don Allah. Wa zai ji tsoron wannan?"

Mahdi ya ɗaga wani ƙadangare ta wutsiya. "Chigozie, ƙato da kai, har da gemu, wasan 'yartsana kake yi?"

"Oga Mahdi, ka dai yi musu fenti. Zagin ka ajiye sai ka gama."

Ya bar masa 'yan kwalaben fenti irin na ɗaliban zane, da buroshi ƙanana, da gam, da reza. Kwanaki suna ajiye a gefen gado bai taɓa su ba. Ranar da ya ɗauka ma ba sha'awa ce ta sa shi ba, gajiya ce da kallon silin. Ya shafe ƙadangaren da baƙi, ya bar shi ya bushe, ya bi shi da ruwan ƙasa, ya tsarma baƙin fenti da ruwa ya kwarara masa ya shige cikin ɓawon fatar. Da ya bushe sai ga abu ya tashi daga abin wasa ya koma wani halitta mai mugun nufi. Bai ankara ba sai kiran la'asar ya ji. Rabon da yini ya wuce masa bai ji tafiyarsa ba har ya manta.

Daga nan hannu ya faɗa. Ya fara yanke kan wannan ya liƙa a jikin wancan. Tsinken sakace ya zama mashi, ƙayar kifi ta zama ƙaho, murfin kwalbar lemo ya zama abin tsayawa, ya shafa masa gam ya barbaɗa yashi. Yakan rage gashin buroshi har ya saura siririn zare, da shi yake bin haƙora ɗaya bayan ɗaya, ya sa musu datti a gindi, ya ɗiga haske a ƙwayar idon da ba ta kai ƙwayar gero ba. Dodo guda kan ci masa kwanaki. Ba ya sauri. Saurin me zai yi?

Jika bai so abin ba da farko. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon layin dodannin a kan taga, ya ce shi dai ba ya son mutum-mutumi a ɗakin da ake salla. Aka daidaita: in lokacin salla ya yi, Maimunatu matar Jika ta kifa musu kwali. Da ya ga ƙanin nasa ya koma cin abinci sosai, har yana tsokanar Maimunatu kan gishirin miya, sai ya saki rai. Shi da kansa ya fara kawo masa gam daga shago.

A nan ne kuma abin ya juya wa Mahdi ta inda bai zata ba. Duk wanda ya hau benen sai ya ce, "Kai, alhamdu lillahi, ai ka samu abin yi." Ya ji Jika ta taga yana gaya wa wani a ƙasa, "Lafiyarsa lau, yana can yana fama da 'yan dodanninsa, ba ya ma son a dame shi." A da in an shigo akan ɗan sunkuyar da kai, a ce Allah ya kawo ranar da za a fita da shi ya sha iska. Yanzu ko wannan an daina. Hankalin kowa ya kwanta. Dodannin su sukan sauka a cikin kwali duk Asabar, su je su yi yaƙi su dawo da karyayyen fiffike a gyara, Chigozie ya zauna ya ba shi labarin yadda aka yi. Shi da ya yi su bai taɓa ganin tebur ɗin ba.

Da damina ta kankama Chigozie ya zo da labari. Za a yi babban karo a wani ɗakin taro da ke bayan wani gidan abinci a hanyar Bukuru, 'yan wasa za su zo har daga Abuja da Kaduna. Yana son sarkin runduna, dodon da in an ajiye shi kowa zai yi shiru. Mahdi ya ɗauki kada mafi girma, ya gasa wuyanta a kan kyandir ya tanƙwara shi sama, ya yi mata fukafukai da waya da yadin tsohuwar lema, ya jera mata ƙayoyi a gadon baya. Ya yi makonni a kanta. Har cikin baki ya yi wa fenti, har ganɗa.

Ana saura 'yan kwanaki Chigozie ya zo ɗauka. Ya ga dodon a kan tire, ya dafe kai, ya yi wata magana da yarensu wadda Mahdi bai ji ba amma ya gane. Ya miƙo hannu. Mahdi ya janye tiren ya ajiye a bayansa, tsakaninsa da bango.

"Inda zai je, can za ni."

Chigozie ya yi dariya. Da ya ga shi kaɗai yake yi sai ya bari. "Oga Mahdi, da gaske kake?"

"Ka taɓa ganin na yi maka wasa da aiki?"

"Ni ai ina so. Wallahi ina so. Amma ka san Oga Jika."

"To je ka same shi. Yana ƙasa, kai kana da ƙafa."

Kalmar ta fita da kaifin da bai yi niyya ba. Chigozie ya juya ya fita. Ba a jima ba aka ji takun Jika a matakala, a hankali, irin na mai ciwon baya. Ya shigo Maimunatu na biye da shi da ludayi a hannu.

"Me nake ji haka? Ka riƙe wa mutum kayansa?"

"Ba riƙewa na yi ba, Yaya. Rakiya zan yi masa."

"Saboda wasan yara za ka sa mu sake abin da ya faru? Ka manta jinin da ka zubar a ƙasan benen nan? Ni ban manta ba. Ni na wanke shi."

"Ban manta ba."

"Me ka rasa a nan? Abinci? Magani? Faɗa mini abin da ka nema ban kawo ba."

"Babu."

"To?"

Mahdi ya dubi tagar, ya dubi yayansa. Yana da maganganu da yawa da ya tara, amma duk wadda ya ɗauko sai ya ga za ta yi kama da butulci. Mutumin nan shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa wanka, shi ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Da wane baki zai ce masa kai ne ka rufe ni?

"Yaya," ya ce a ƙarshe, "in na mutu ta ina za ku fitar da ni?"

Maimunatu ta ce, "Subhanallahi, Malam Mahdi, wace irin magana ce wannan?"

"Tambaya na yi, Anti. Ai ta matakalar nan ce. To tunda dai sai an sauko da ni wata rana, a yi mini ɗaya ina gani mana."

Jika ya kawar da kansa daga Mahdi. Ya juya ga Chigozie da ke raɓe a bakin ƙofa. "Ku yi abin da kuka ga dama. Amma babu hannuna." Ya fita. Kwana biyu yana shigowa ya yi masa duk abin da ya saba, a natse, da kulawa, ba tare da ya ce uffan ba.

Ranar Asabar da hantsi Chigozie ya zo da mutum biyu: Arinze, ɗan'uwansa mai faɗin ƙirji, da Nura, ɗan dako daga kasuwa wanda ya san Mahdi tun yana rumfa. Aka fara saukar da keken guragu, wanda tayoyinsa ba su san komai ba sai simintin ɗaki da baranda. Sannan kwalayen dodanni. Maimunatu ta sa masa hula da rigar sanyi, ta ɗaure shi da zani a jikin kujerar katako, ta zagaya ƙirji ta ƙulle ta baya, bakinta yana motsi da addu'a.

Daga sama zuwa kwanar lafiya lau. Nura yana ƙasa riƙe da ƙafafun kujera, Arinze yana sama, Chigozie yana ba da umarnin da ba wanda ke saurare. A kwanar kujera ta ƙi juyawa. Suka karkata ta, bayanta ya tokare bango. Suka ɗaga, kan Mahdi ya kusa dukan siminti. Suka ce a koma sama a sake dabara, sai ƙafar kujerar ta maƙale a ƙarfen da ke gefe, ba gaba ba baya. Mahdi yana rataye a karkace, fuskarsa daf da bango har yana jin warin danshinsa, ƙafafunsa suna lilo a inda ba ya jin su.

"Oga, hannuna ya fara mutuwa," in ji Nura.

"Riƙe! Kar ka saki!"

Zanin ya matse masa ƙirji, numfashi ya fara yi masa wuya. Daga sama Maimunatu tana ta salati. A ransa ya ce shi ke nan, Yaya ya yi gaskiya, ga shi zai ja wa bayin Allah abin da ba su ji ba ba su gani ba.

Sai ya ji murya daga ƙasa. "Nura, tokare da gwiwarka. Kai na sama, kar ka motsa."

Jika ne. Ashe tun da aka fara yana tsaye a gindin matakalar. Ya hawo, ya cusa kansa ta ƙarƙashin hannun Nura, ya juya baya ya durƙusa a ɗan filin kwanar. Ya ce wa Chigozie ya kwance zanin.

"Yaya, bayanka."

"Rufe mini baki. Kama wuyana."

Mahdi ya rungumo wuyansa. Aka zagaya zanin aka ɗaure su tare kamar goyon jariri. Jika ya miƙe da wani nishi da ya fito tun daga cikinsa, ya dafa bango da hannu biyu, ya fara sauka. In ya ajiye ƙafa sai ya tsaya ya tabbatar, sannan ya kawo ɗayar. Mahdi yana jin bugun zuciyar Jika ta bayansa. A haka har suka taka ƙasa.

Hasken waje ya sa shi runtse ido. Titi ya yi masa faɗi, komai yana gudu. Mai shayin ƙofar gida ya saki baki da kofi a hannu. Aka sa shi a motar Chigozie. Jika ya tsaya dafe da ƙugu, ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa shago, ya buɗe ƙofar baya ya shiga.

"Wa zai ɗauko shi in kun kai?" ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba.

Ɗakin taron bai kai yadda Mahdi ya zana shi a ransa ba. Tebura ne na biki aka haɗa aka shimfiɗa musu koren yadi, aka jera duwatsun soso da bishiyoyin waya. Mutanen ba su da yawa, galibi matasa, da wasu masu furfura, kowa da tef a hannu. Amma da Chigozie ya fito da babban dodon ya ajiye, sai aka yi shirun da ya nema. Aka taru, aka ɗauki hotuna. Ya nuna Mahdi ya ce ga mai aikin. Aka zo ana ba shi hannu, wasu suna sunkuyowa suna yi masa magana da ƙarfi kamar kunnen ne ya samu matsala.

Wadda aka haɗa Chigozie da ita sunanta Nwamaka, mai kantin magani ce a Bukuru, 'yar gajeriya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Rundunarta ƙananan maharba ne masu yawa. Aka tura keken Mahdi bakin tebur, haɓarsa daidai da koren yadin. Daga nan yana ganin filin kamar yana cikinsa: ga dodanninsa sun yi sahu, inuwarsu a ƙasa, ga sarkinsu ya buɗe fukafukai ya rufe fitilar silin.

Chigozie ya auna da tef ya tura babban dodon gaba, shi kaɗai, tsakiyar fili. Nwamaka ta gyara tabarau. Ta auna daga nan, ta auna daga can, ta tara ƙwayoyin ludo cike da tafin hannu ta watsa. Ta tsince wasu ta sake watsawa. Chigozie ya jefa nasa, ya dafe kai. Ta sake. Mutanen da ke kewaye suka yi "Ooo!" Sai Mahdi ya ga Chigozie ya sa hannu ya ɗauke dodon daga tebur ya mayar da shi kwali.

"Me ya faru? Ina za ka kai shi?"

"Ya mutu."

"Ya mutu kamar yaya? Ko cizo bai yi ba!"

"Kibau sun yi masa yawa. Laifina ne, na yi gaggawa."

Jika, wanda ya zauna a kujerar roba can gefe da niyyar ba ruwansa, ya taso ya leƙo. "Wai har an kashe shi? Wanda muka sauko dominsa?" Ya dubi Chigozie sama da ƙasa. "Kai ai ba ka iya yaƙi ba. Wa ke tura sarki gaba ya bar dakaru a baya?"

Dariya ta kama Mahdi, irin wadda ta daɗe ba ta zo masa ba, har da hawaye, har sai da ya riƙe hannun keken. A ƙarƙashin dariyar kuma wani abu yana yi masa zafi. Sauran wasan bai daɗe ba. Nwamaka ta share teburin tas.

Da aka tashi shan ruwa ta zagayo wajensa, ta nemi izini ta ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan dodanninsa ta kai kusa da tabarau. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji da mace.

"Oga, kai ne ya yi wannan haƙori? Ɗaya ɗaya?" Ta girgiza kai. "Yana da kyau sosai. Amma ka sani, mu da yake tsaye, ba mu gani. Daga sama kala kawai ake gani."

Ta miƙo masa maharbinta guda. Launi uku ne kacal a jikinsa, fuskar ma ba ido. Ta nuna masa yadda take yi: ta shafe su duka da baƙi, ta goge buroshi a tsumma har ya kusa bushewa ta bi ta kansu da sauri, launi ya kama tudu ya bar kwari, ta ɗiga ja a hula, shi ke nan. Da yamma ɗaya takan gama sahu guda. Ta mayar da shi cikin 'yan'uwansa, ta ce a ɗan ja keken baya. Daga nesa rundunarta ta fito fes, kowa ya san inda take. Ta Mahdi kuwa da aka sake jerawa a gefe, da duk wahalar da ya sha, ta zama wani dunƙulen ruwan ƙasa.

"Ni daga inda nake ina ganin haƙoran," in ji Mahdi.

Ta rage tsawo ta daidaita idonta da bakin tebur, ta daɗe a haka. "Gaskiya ne," ta ce. "Daga nan akwai tsoro."

Suna hanyar komawa hadari ya haɗo ta wajen Kuru, kafin su kai Katako ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, da sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi. Ruwa yana kwarara ta matakala. Jika ya duba ya ce ba mai hawa sai ta bushe. Aka shigar da Mahdi shagonsa, aka ajiye keken tsakanin buhunan ƙusa da gwangwanayen gam.

Labari ya zaga. Masu fakewa suka cika bakin shagon, tsofaffin abokan aiki suka riƙa ketowa cikin ruwa da buhu a ka. Wani kafinta ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, ya ce wallahi shi ya ɗauka an mayar da shi Bauci wajen dangin uwa. Mai shayi ya aiko da kofi mai kauri. Aka yi ta ba shi labarin wanda ya yi aure, da wanda ya rasu, da wanda ya karɓi rumfarsa yake ɓata wa mutane kabad. A bayan kantar shagon Mahdi ya hango wata ƙofa a buɗe, ɗan sito ne mai taga, cike da tsofaffin kwalaye da gwangwanayen da ba komai a cikinsu. Ya daɗe yana kallonsa. Bai taɓa roƙon ruwa ya daɗe ba sai ranar.

Amma ruwa ya ɗauke. Iska ta busar da siminti kafin magariba. Hawan ya fi saukar wuya. Nura ya ce shi zai goya, Jika ya ƙi. A kwanar sai da ya tsaya ya jingina goshinsa da bango yana numfashi, Arinze da Nura suna tokare da su ta baya. Da ya sauke shi a gado bai iya miƙewa sosai ba. Ya fita a dafe da bango, Maimunatu ta bi shi da man zafi. Washegari bai buɗe shago ba. Mahdi yana jin nishinsa ta bango duk lokacin da ya juya, ya san ba zai iya buɗe baki ya sake neman irin wannan ba.

Bayan 'yan kwanaki Chigozie ya aiko da sabuwar leda, ƙananan dodanni masu yawa, wai yana son dakarun da za su tare kibau. Mahdi ya jera su a tire ya gwada yadda Nwamaka ta nuna masa. Baƙi, busasshen buroshi, ɗigon ja. Ya tura tiren ƙarshen gado ya hango su. Sun yi kyau, sun ma fi na da fitowa. Kafin azahar ya gama da su duka.

Ya wanke buroshi ya ajiye. Ya yi salla. Ya duba ledar, ba saura. Rana tana nan tsaye a kan kwanon maƙwabta, injin yanka yana ta kuka a kasuwa, ga yini da sauran tafiya. Ya ɗora hannuwansa a kan cinyoyin da ba sa jin nauyinsu, ya zauna.

A haka Maimunatu ta same shi da ta shigo ɗaukar kwano. Ta dubi tiren, ta dube shi.

"Har ka gama? Yau kuma da wuri?"

"Na gama. Anti, yaya bayan Yaya?"

"Da sauƙi. Ya lallaɓa ya sauka shago."

"In ya hawo ki ce ina son magana da shi. Ba maganar fita ba ce. Siton nan na bayan shagonsa, na ga ba abin kirki a ciki."

Ta tsaya da kwanon a hannu. Ta gane. "Babu banɗaki a ƙasa, Malam Mahdi. Ga sanyi. Kuma ka san yayanka, ba zai iya barci kana ƙasa kai kaɗai ba."

"Na sani."

"Zai ce a'a."

"Na san zai ce. Ki dai faɗa masa."

Ta juya cokali a cikin kwanon.

"To ba yau ba," ta ce. "Bari bayan ya ƙara saki. Ran Juma'a zan yi masa tuwon acca, in ya ci ya ƙoshi sai in turo maka shi."

Ta ɗauki kwanon ta fita, ta bar masa ƙofar a buɗe.